Ina littafin Hausa da ya ba da labarin ƙaramin soja?

Ɗan Farabiti, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Tambaya ce ke tafe da ni, amma sai kun yi haƙuri na fara da abin da ya haife ta.

Mahaifina ya rasu bayan ƙaramar Sallar bara, Allah Ya jiƙansa. Tsohon soja ne, farabiti ya shiga, da igiya ɗaya ya fito. A nan Daffon horar da sojoji na Zariya aka ɗauke shi da daminar 1967, farkon yaƙin basasa, yana ɗan shekara 19, ya baro rumfar gyaran keke ta ƙanen mahaifinsa a Sabon Gari. Ya ce 'yan makonni kawai aka yi ana koya musu fareti da kwance bindiga da ɗaura ta, sai aka loda su a jirgin ƙasa aka yi kudu da su. Runduna ta biyu aka kai shi, wadda Murtala Muhammad ke jagoranta.

Mu 'ya'yansa mun tashi mun san abu uku game da shi, ba wanda ya taɓa gaya mana dalilinsu. Ba ya cin kifi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Sannan ranar hawan Sallah, duk gari ya tafi ƙofar fada, shi ɗaki yake shiga ya ƙure rediyo, don kada ya ji 'yan bindiga. Innarmu takan ce mana, ku rabu da Babanku, haka Allah Ya yi shi.

Sai a ciwonsa na ajali, ina kwana da shi a asibiti, bakinsa ya buɗe. Dare uku yana ba ni labari, a gutsure, wani lokaci ya koma baya, wani lokaci ya yi shiru har in ɗauka barci ya kwashe shi. Ya ce a watan Oktoban 1967 aka tsayar da su a Asaba, an riga an karya gadar Neja, aka ce da jiragen fito za a ƙetare zuwa Onica. Ya ce, “Ni ruwan da ya fi kowane girma da na taɓa gani Galma ce in ta cika. Ina na san akwai ruwan da ba ka gane mutum a ɗaya gaɓar?” Yawancinsu ba su iya iyo ba. Ga takalmi, ga jigidar harsashi, ga kaya a baya. Da wuta ta buɗe daga can ƙetare, wanda harsashi bai samu ba, nauyin jikinsa ya ja shi ƙasa. Shi wani dogon mutumin Langtang ne ya cafko wuyan rigarsa ya riƙe shi har suka sami abin kamawa. Ko sunansa na gaskiya bai sani ba, Dogo kawai suke ce masa. Kwanakin da suka biyo baya ruwa ya riƙa dawo da gawawwaki bakin gaɓa, ya ga yadda kifi ya yi da su. Dalilin kifin ke nan. Shekara fiye da 50 muna ɗauka ƙarni ne ba ya so.

A dare ukun nan ban ji ya ambaci abokan gaba ko sau ɗaya ba. Maganarsa ta safar da ba ta bushewa ce har tafin ƙafa ya yi fari ya riƙa saɓewa, da kwarkwata a ɗinkin wando, da gari da ake jiƙawa da ruwan sama, da wasiƙar da yake rubuta wa mahaifiyarsa da ajami bai san ko tana isa ba. Na tambaye shi abin da na karanta game da fararen hular da aka kashe a Asaba a wannan watan. Ya juya fuskarsa bango, ya yi ta istigfari. Bai ce ya gani ba, bai ce bai gani ba. Ban sake tambaya ba.

Tun bayan sadakar arba'in nake neman littafin da zan ga irinsa a ciki. Na sami na manya da Turanci, na Obasanjo da na Madiebo, na karanta iya ƙarfina. A irin waɗannan littattafai za ka ga taswira, an ja kibiya daga wannan gari zuwa wancan. A cikin kibiya guda akwai Babana da Dogo da duk wanda ruwa ya ci, amma ba ka ganin kowa.

To tambayata: akwai littafi da Hausa wanda ƙaramin soja ya rubuta, ko aka rubuta daga bakinsa, yana faɗin abin da idonsa ya gani? Sannan abin da ya fi damuna: ya halatta in rubuta abin da mutum ya ɓoye shekara 50, ya faɗa mini ni kaɗai a gadon asibiti?

Malamar Hausa, Samaru:

Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Malam, na karanta wannan sau biyu kafin in iya amsawa.

Mu Hausawa yaƙi a waƙa muka fi ajiye shi, ba a zube ba, kuma nan ne matsalar da ka ci karo da ita take. Waƙar yaƙi tamu aikinta zuga ne. Kirari da tambari da kiɗan mazaje an yi su ne don wanda gwiwarsa ta yi sanyi ya miƙe. Makaɗi ba zai tsaya gaban mayaƙa ya ce ƙafa tana ruɓewa a cikin takalmi ba.

Amma akwai inda aka matso kusa. Abdullahi ɗan Fodiyo shi ya jagoranci jama'a a Tabkin Kwatto a 1804, wato mutum ne da ya tsaya a fagen da kansa. A cikin Tazyinul Waraƙati akwai baitocinsa na nasara, akwai kuma na alhinin abokansa da suka kwanta dama, musamman bayan kashin da suka sha a Alwasa. Wannan alhinin na gaske ne. Sai dai da Larabci ne, kuma muryar jagora ce, malami. Mai ɗaukar kwari da baka a sahun baya bai bar mana komai a rubuce ba.

In muka gangaro zamanin Turawa, abin duk a garin nan ya faru. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta, wata 8 bayan nan yaƙin Hitila ya ɓarke. Ta nan mutanenmu suka riƙa jin labarin yaƙin da harshensu, amma kada mu manta jaridar gwamnatin da ke neman kurata ce. Bayan yaƙin Sa'adu Zungur, wanda shi ma ya zauna ya koyar a Zariya, ya yi Maraba da Soja. Ina koyar da ita, ina kuma son ta, don ya ɗauki dawowar sojoji ya ɗora maganar 'yanci a kai. Duk da haka mai tarba ne yake magana. Wanda aka tarba yana tsaye da jakarsa bai ce uffan ba. Lokacin yaƙin basasa ma an yi waƙoƙi da yawa, ana ji a Rediyon Kaduna, mafi yawansu yabon soja ne da kiran a riƙe ƙasa ɗaya.

A wasu harsuna an samu abin da kake nema. Remarque Bajamushe ne da aka ɗauka soja yana ɗan 18, aka ji masa rauni a 1917, littafinsa na ƙananan sojoji a ramukan yaƙin duniya na ɗaya ya fito a 1929. Saboda bai yi wa yaƙi kwalliya ba, mutanen Hitila suka ƙona shi a 1933. A nan gida Mamman Vatsa ya tattara waƙoƙin sojoji da Turanci a Voices from the Trench. Ken Saro-Wiwa ya rubuta Sozaboy a 1985 da gurɓataccen Turanci da gangan, don yaron da ya shiga soja bai san dalilin yaƙin ba ya yi magana da bakinsa.

Wanda nake so ka lura da shi shi ne Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan. Mahaifinsa ya yi yaƙin Burma, daga labaran da ya ji a gida ya gina Burma Boy a 2007. Ka gani, ba sojan ne ya rubuta ba, ɗansa ne. Ni a ganina haka abin yake zuwa sau da yawa: uba ya ɗauke shi a ciki, ɗa ya sauke shi a takarda. Ka rubuta, Malam, kuma da Hausa. Ɗalibaina ba su da shafi ko ɗaya irin wannan da zan miƙa musu.

Tsohon Saje, Palladan:

Ƙanena, Allah Ya jiƙan Baba. Duk wanda ya bi ta ƙofar Daffo ɗan'uwana ne, ko da ya riga ni da shekara 20.

Malama ta yi bayani na ilimi, na ƙaru. Amma ni ba zan ce maka ka rubuta da saurin da ta faɗa ba, bari ka ji dalili.

Ina cikin waɗanda suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a Agustan 1990, aikin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura yaƙin Laberiya. Na koma kuma ina can lokacin da mutanen Charles Taylor suka afka wa birnin a Oktoban 1992. Na karanta 'yan littattafai, na kalli finafinai, abin da duk suke kuskurewa shi ne lokaci. A wurinsu yaƙi harbi ne daga farko har ƙarshe. A gaske kwana 20 kana zaune a bayan buhun yashi, sauro na cin ka, kana lissafin kuɗin makarantar yara, sannan minti 10 su zo su tafi da mutum uku. Wanda kuka raba sigari da shi da asuba, da hantsi kana naɗe shi a bargo. Sai kuma a koma zama. Wannan zaman shi ke cin mutum, kuma ba mai sayen littafin zama.

Na biyu wari. Takarda ba ta ɗaukar wari. Har yau in na bi ta inda ake babbakar ƙafar sa da taya, sai na sauya hanya.

Na uku, wanda ban taɓa faɗa wa iyalina ba sai 'yan shekarun nan: da yawa daga waɗanda ke harbin mu yara ne. Ɗan shekara 12, bindigar ta kusa kai tsayinsa, an ɗura masa ƙwaya, wani da gashin mata a ka. Yana tahowa yana harbi, kai kuma kana da ɗa kamarsa a bariki. Abin da ka yi a wannan daƙiƙar kai da Ubangijinka ne. To ka ga in Baba ya juya fuska bango, ni na san wannan juyin. Kada ka wanke shi a rubutunka, kada kuma ka ɗora masa abin da bai ce ba. Mutanen Asaba suna da matattunsu, suna da haƙƙin a faɗi gaskiya. Baba kuma yana da haƙƙin kada ɗansa ya cike masa shirun da ya bari. Ka rubuta cewa ka tambaya, ya juya, ya yi istigfari. Ka tsaya nan.

Mu ko a junanmu ba mu cika tayar da maganar ba. Ran 15 ga Janairu in an taru tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a busa begila, in mun koma gefe hirar fansho muke yi da ciwon gwiwa. Ba wai mun manta ba ne.

Shawarata, ka fara zuwa wurin Inna. Ita ta kwana da shi shekara da shekaru, ita ta san abin da yake faɗa cikin barci. In ta yarda, bismillah. In ta ce a'a, ka rubuta ka ajiye wa 'ya'yanka a akwati.

Jikan Ɗan Boma, Ƙofar Doka:

Allah Ya jiƙan magabata. Ni kakana ne ya je Burma, shi Boma yake cewa, na kuwa riske shi da wayona.

Kullum muna wucewa ta gaban Barikin Chindit, mutum nawa ne a Zariya suka san ma'anar sunan? Chindit sunan rundunar Janar Wingate ne, wadda ake saukewa ta sama a bayan sahun Japanawa a cikin daji. A 1944 bataliyoyi 3 na sojan Najeriya suna cikinta. Sauran mutanenmu suna Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Kalapanzin da ke Kaduna, da Myohaung da Arakan da Dodan da ke Legas, duk daga can aka ɗebo sunayen. Kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin, har hafsoshi Turawa sai sun koye ta. Yaƙin da aka yi umarninsa da Hausa, amma labarinsa na Turanci.

Kakana ba mai harbi ba ne, yana cikin masu ɗaukar kaya a ka, inda mota ba ta shiga, alfadari ma ya gaza. Akwatin harsashi, da gammo, a hau dutse a gangara, ruwa na zuba. Ya nuna mini tabon matsattsaku a ƙwaurinsa, ya ce da wutar sigari suke cire su. Yana ba da labarin Bambai da yadda ya ga giwa tana aiki kamar jaki, mu yara muna dariya muna cewa tsoho ya fara ƙari. Da na girma na karanta, na ga ashe ragewa ma yake yi. Ya rasu ba wanda ya ɗauki muryarsa, ga kaset a lokacin ko'ina. Wannan abu yana ci na har gobe. Yanzu kowa da waya a aljihu. Duk mai tsoho irin wannan a gida, ya je yau.

Matar Soja, Basawa:

Kawu, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni ina cikin masu rubuta littattafan da ake karantawa a waya, kuma mijina yana Borno yanzu haka, wannan zuwansa na uku.

Sojoji sun cika littattafanmu, kada a ce babu. Amma wane soja? Kyaftin ne ko manjo, dogo, mai tsare gida, ga mota ga masu take masa baya, aikinsa a labarin ya daka tsawa sannan soyayya ta karya shi. Ni ma na rubuta irinsa kafin in yi aure, masu karatu suka so shi ƙwarai. Da na shigo bariki na ga sojan gaske kofur ne mai ɗaki ɗaya da falo, wanda in ya dawo hutu yakan farka ƙarfe biyun dare yana laluben gefen katifa, ƙaramar 'yarsa ta ƙi zuwa wurinsa kwana biyu don ba ta gane shi ba.

Akwai kuma ɓangaren da ko Baba Saje bai taɓo ba, wato namu. Kwana 9 waya ba ta shiga. A ga baƙuwar mota ta tsaya a bakin layi, kowace mace ta leƙo tana addu'ar kada ƙofarta za a nufa, kuma ta san addu'ar nan tana nufin ƙofar maƙwabciyarta. Na fara rubuta wannan sau uku ina gogewa, ina tsoron a ce na karya wa mata gwiwa ko na tona asirin gida. Da na karanta maganar kifin nan sai na ji kunyar gogewar da na yi. Kawu, in ka je wurin Inna, ka tambaye ta nata labarin ma, ba nasa kaɗai ba.

Ɗan Farabiti, Tudun Wada:

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Yaya Saje, na bi maganarka. Jiya bayan la'asar na je wurin Inna, na same ta tana tsince shinkafa, na faɗa mata abin da ke raina. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda ba a buɗe ba tun rasuwar.

A ciki akwai takardar sallamarsa, da lambar yaƙi guda ɗaya zarenta ya koɗe, da cokalin soja, da hoton samari biyar cikin kaki, na tsakiya ya fi kowa tsawo. Sai wata jakar leda da aka ɗaure da tsumma. Wasiƙun nan ne na ajami. Ashe suna isa. Kakata ta adana su, da za ta rasu ta ba Inna, Inna kuma ba ta taɓa gaya masa suna wurinta ba, ta ce tana gudun kada su tayar masa da abin da ya kwanta. Guda 14 na ƙirga, wasu tawadar ta yi ruwa.

Ajamina ba shi da ƙarfi, layin farko kawai na iya haɗawa a ta sama, gaisuwa ce da tambayar ko an biya kuɗin gyaran soro. Ranar Asabar zan kai su wurin malamin da ya yi mini allo, yana nan da ransa a cikin Birni, ya karanta ina rubutawa da boko. Inna ta ce in rubuta, amma da sharaɗi biyu: kada in sa sunansa, kuma in fara karanta mata kafin kowa ya gani. Malama, in na kammala na farko zan nemi ki duba mini ƙa'idar rubutu.

Yaya Saje, tambaya ɗaya ta rage, kai ka san hanyar abin. A bayan hoton an rubuta lambobi biyar da fensir, ina zaton lambobin aikinsu ne, ta biyu ta yi daidai da wadda ke takardar sallamar Baba. Da lamba kaɗai, mutum zai iya gano iyalin wani a Langtang?